Idon Yumɓun da Ke Kallon Mai Kallo: Bin Sawun Sirrin Kawunan Nok a Jos

A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai wasu kawuna na gasasshen yumɓu da suka haura shekara dubu biyu a duniya. Su ake kira kayan Nok. Duk wanda ya ƙare musu kallo zai tabbatar ba su yi kama da kowa ba. Idanunsu masu kusurwa uku ne, irin waɗanda ba a taɓa haifar ɗan Adam da su ba. A tsakiyar kowane ido akwai rami. Hanci a huje, kunne a huje, baki ma sau da yawa a buɗe. Inda aka dace gangar jiki ta tsira, sai a tarar kan ya cinye kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na tsayin surar, alhali kan baligi bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas na tsayinsa ba.

Duk da haka, mutum biyu za su tsaya gaban kai guda, wannan ya ce fushi yake yi, wancan ya ce tunani ne ya sha kansa. Na uku ya ce shi dai ji yake kamar ana kallonsa. To ta yaya fuskar da ba ta ɗauko kamannin kowa ba take riƙe mutum haka? Me ke cikin yumɓun, me kuma ke cikin mai kallon? Amsar ba a wuri ɗaya take ba, sai an bi sawunta.

Sawun farko: gonar doya

Labarin ya faro ne daga kuza. A 1928, ma'aikatan wani kamfanin haƙar kuza da Kanar Dent Young ke da hannun jari a ciki suka tono wani ƙaramin kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham da muke kira Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yau. An ɗauka kan biri ne. Aka kawo shi Jos aka ajiye a ɗan ɗakin adana kaya na ma'aikatar ma'adinai, aka manta da shi.

Bayan shekara goma sha biyar, a 1943, aka sake tono wani kai a wajajen Jema'a, wannan karon na mutum. Kamar yadda labarin ya zo, wani akawun mahaƙar ya tafi da shi gida ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumin korar ɓarna, ya kuwa yi kusan shekara a can yana gadi. Daga baya kan ya iso Jos, hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Kambirij. Fagg ya ɗora shi kusa da kan birin nan na 1928, ya ga salon ginin ɗaya ne. Ya roƙi masu haƙar kuza su riƙa kawo masa duk abin da suka ci karo da shi, kaya suka yi ta taruwa, ya raɗa wa al'adar sunan Nok. Wannan tarin na cikin abin da ya sa aka gina gidan tarihin Jos, kuma Fagg ne ya tsaya a kan ginin.

A riƙe maganar akawun nan, domin shaida ce. Mutumin bai san shekarun abin da ya tsinta ba, ba wanda ya karanta masa bayani a kansa. Amma da ya dube shi, aikin da ya ga ya dace da shi shi ne tsaro: ya tsaya a gona ya zura ido. Ke nan ƙarfin kallon nan ba gilashi da fitilar gidan tarihi ne suka ƙirƙiro shi ba. Tun daga cikin taɓo yake tare da shi.

Sawu na biyu: ko dai hannu ne bai faɗa ba?

Zargin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne maginan ba su iya ba. Mutanen da ne, in ji mai wannan ra'ayi, sun so su yi ido irin na gaske, hannu ya gaza.

A ɗaga kai daga idon a dubi gashi. Akwai kitso iri-iri, akwai tukkaye, akwai gashin da aka naɗe dunƙule-dunƙule, kowane layi a fito da shi tsaf. A dubi wuya da ƙugu da hannuwa, duwatsun ado ne jere-jere, har ana iya ƙirga su. Akwai surorin da masana suka gane alamun cuta a jikinsu, kamar tundurmi da shanyewar ɓarin fuska, wanda ke nuna maginin ya iya lura da jikin mutum ƙwarai. Hannun da ya iya fitar da silin kitso ba zai gaza zagaye ido ba.

Shaida ta biyu ta fi wannan nauyi. An samu kayan Nok daga Kagara da ke Jihar Neja har Katsina-Ala da ke Binuwai, tazarar ɗaruruwan kilomita. Binciken da Jami'ar Goethe ta birnin Furankfot a Jamus ta soma a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, ya nuna mutanen Nok sun bayyana wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma sun soma gina waɗannan surori wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, suka ci gaba har tsawon ƙarnuka. A duk faɗin ƙasar nan, a duk tsawon zamanin nan, idon bai sauya ba. Layin sama kusan a miƙe, layin ƙasa ya lanƙwaso ko ya yi tsini, gira ta yi baka a sama tana amsa lanƙwasar ƙasa. Har dabbobin da suka gina, irin su giwa, sukan ba su wannan idon. Kuskure ba ya maimaita kansa daidai wa daida shekara ɗaruruwa. Wannan ƙa'ida ce da ake koyarwa, babba ya miƙa wa yaro. Gwajin da aka yi wa yumɓun ma ya nuna na surorin ya bambanta da na tukwanen girki, kuma ya fi zama iri ɗaya daga wuri zuwa wuri, abin da ke nuni da cewa aikin na gwanaye ne na musamman.

An wanke magini daga zargin rashin iyawa. Da gangan ya bar kwaikwayon ido, ya ɗauki siffa ta lissafi ya sa a gurbinsa. Saura a san dalilin ramin.

Sawu na uku: wuta

A nan sai a tambayi maginiyar tukwane. Ta san yumɓun da ke da sauran danshi, ko mai kauri da yawa, idan ya shiga wuta ruwan cikinsa kan zama tururi, in bai samu mafita ba ya tarwatsa tukunyar. Maginan Nok sun san haka. Suna cakuɗa yumɓunsu da ɓarɓashin dutse, suna ɗora shi zobe bisa zobe kamar yadda ake ginin randa, su bar cikin surar fanko. Idan ya fara tauri sai su sassaƙe shi, shi ya sa wasu masana ke ganin alamar hannun masassaƙan itace a aikin. Daga nan a shafe shi da ruwan yumɓu mai laushi, a goge, a gasa. Cewa sun san wuta ba abin musu ba ne, domin a Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono murahun narkar da tama tare da guntayen surorin a shekarun 1960, kuma gwajin gawayin wurin ya kai su ƙarnuka kafin miladiyya.

Don haka masana da dama suka ce ramukan ido da hanci da kunne da baki mafitar tururi ce. Bayanin yana da ƙarfi, amma bai kai ƙarshe ba. In mafita kawai ake nema, ana iya huda ƙeya, ko ƙarƙashin tukku inda ba mai gani. Maginin ya zaɓi ya huda daidai wuraren da mai rai ke gani da ji da shaƙa da magana. Wuta ta tilasta masa rami, shi kuma ya zaɓar wa ramin wurin zama.

Ga abin da zaɓin ya haifar. Baƙin tsakiyar idon ɗan Adam shi kansa rami ne, haske ke shiga ba ya fitowa, shi ya sa yake baƙi. Ramin da ke idon Nok, tun da bayansa fanko ne, haka yake haɗiye haske. Baƙinsa ba fenti ba ne balle ya koɗe, inuwa ce. Idan mai kallo ya gusa dama ko hagu, duhun yana nan, gefen ramin ne kawai ke ɗan sauya kama, sai ƙwaƙwalwa ta fassara wannan da cewa idon yana biye da ita. Masassaƙan marmara na daular Rum sai a ƙarni na 2 miladiyya suka mayar da huda tsakiyar ido al'ada. Maginan tsakiyar Najeriya sun riga su da ƙarnuka.

Sawu na huɗu: cikin kan mai kallo

An gano dabarar ramin, amma har yanzu da sauran tambaya. Me ya sa kusurwa uku da rami suke isar mu mu ga mutum, har mu ba shi hali?

A 1975 wata mai bincike a Amurka, Carolyn Goren, da abokan aikinta suka gwada jarirai 'yan mintoci da haihuwa. Suka riƙa gilma musu allo mai zanen fuska sassauƙa, da wani allon mai sassa iri ɗaya amma a hargitse. Jariran suka fi bin mai tsarin fuska da ido da kai. An maimaita gwajin a Ingila a 1991, sakamakon ya tabbata. A 1997 kuma Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka nuna wani yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke tashi aiki musamman idan an ga fuska. Wannan shiri na halitta yana da gaggawa, har yakan wuce gona da iri. A 1976 kumbon Viking 1 ya aiko da hoton wani tsauni a duniyar Mas, jama'a suka rantse fuskar mutum ce. Da aka sake ɗaukar wurin da na'ura mai kyau a 2001, sai ga tudu kawai da inuwarsa.

Ma'ana, ƙwaƙwalwa ba ta jiran a kawo mata cikakkiyar fuska. Ɗigo biyu a sama, ɗaya a ƙasa, ta ƙarasa sauran da kanta. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tun muna cikin zanen goyo muke wannan tambayar. Idan muka tsaya gaban kan Nok, tambayar takan tashi ba da izininmu ba. Sai dai fuskar ba ta ba da cikakkiyar amsa. Babu tamojin da zai ce tsufa ne, babu murmushin da zai ce farin ciki ne. Bakin a buɗe yake, amma magana ce, ko waƙa, ko kuka, ko numfashi? Da mai kallo ya rasa amsa a waje, sai ya ɗebo daga abin da ya shigo da shi. Wanda ya baro rigima a gida ya ga fushi. Wanda ya yi rashi kwanan nan ya ga juyayi. Haka mai sauraron wasan kwaikwayo a rediyo yake ƙera wa kowane ɗan wasa fuska a ransa, har ranar da ya gan shi ido da ido ya ce ba haka ya zata ba.

Masanin tarihin zane Ernst Gombrich, a littafinsa na 1960, ya kira wannan rabon mai kallo: mai zane ya yi nasa, sauran aikin na wanda ya tsaya gaban zanen ne. Eric Kandel, masanin ƙwaƙwalwa da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya ɗora a kan haka a wani littafi na 2016, inda ya yi bayanin cewa gwargwadon yadda zane ya rage kwaikwayon abin da ido ya saba gani, gwargwadon yadda ƙwaƙwalwa ke jawo tunani da tarihin mai ita don cike gurbi. A kan wannan ne masu zanen Turai na farkon ƙarni na 20, irin su Wassily Kandinsky, suka jingina lokacin da suka watsar da siffar mutum da bishiya suka koma launi da layi zalla. A birnin Hustan na Amurka akwai wani ɗaki da aka buɗe a 1971, ba komai cikinsa sai manyan alluna 14 masu duhun launi na Mark Rothko, mutane kuma na zuwa su zauna shiru gabansu. Kan Nok bai kai can ba, domin har yanzu fuska ce. Yana tsakiya ne: ya ba da abin da zai sa a gane mutum, ya hana abin da zai sa a gane wane.

Sawu na biyar: abin da ƙasa da ruwa suka ɗebe

Akwai wani hannu a cikin lamarin da ba na magini ba. Yawancin kayan da suka fara isowa Jos daga ramukan kuza aka tsamo su, inda ruwa ya gangaro da su ya cakuɗa da tsakuwa. Santsin da aka shafa musu ya goge, shi ya sa fatarsu take da kaushi a yau. Mafi yawan kawunan nan kuma ba kawuna aka gina su ba, cikakkun mutane ne, wasu a tsaye, wasu a durƙushe, wasu a zaune da haɓa bisa gwiwa. Jikin ne ya karye ya ɓace. Hatta a wuraren da masu binciken Jamus suka tono da ba a taɓa su ba, a farfashe suka tarar da surorin cikin ramuka, sassa da dama babu, har suna ganin da gangan aka fasa su kafin a binne.

Gidan tarihi ya ƙara nasa. Ya ɗauke kan daga ƙauyensa, daga hayaƙi da kiɗa da mutanen da suka san sunansa, ya ɗora shi shi kaɗai a bayan gilashi da 'yar takarda a gefe. Abin da ya rage wa mai kallo ya cike ya ninka wanda magini ya bari tun farko.

Da yawa daga cikinmu da sun hango su sai su ce gumaka ne, su wuce. Abin da tono ya nuna ya fi haka faɗi. Mutanen Nok manoma ne masu gero da wake, suna cin atile, kuma wani bincike da aka buga a 2021 ya gano kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanensu da aka gwada. A wasu wurare an samu guntayen surorin kusa da jerin duwatsu da tukwane da tsakiyoyin wuya, waɗanda masu binciken ke ɗauka kaburbura ne, ko da yake ƙasar yankin ta cinye ƙasusuwa. Wannan ya sa suka karkata ga cewa surorin suna da alaƙa da jana'iza da tunawa da magabata. Da an fi haka sani in ba don masu tonon sata ba, waɗanda suka yi wa yankin rubdugu musamman a shekarun 1990, suna sayar wa dillalan Turai. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. Duk ramin da ɓarawo ya tona, ya tafi da kai, ya kuma rushe shaidar da za ta faɗi abin da kan yake nufi.

Gwaji na ƙarshe: inda babu fuska

Idan bayanin nan gaskiya ne, ya kamata ya yi aiki ko a inda babu ido babu hanci. Ba sai an bar harabar gidan tarihin ba za a gwada. A nan ne masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a shekarun 1970, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. A shiga ƙarƙashin bakan gizon masallacin nan a ɗaga kai. Babu surar mai rai ko ɗaya. Layuka ne ke tasowa daga ginshiƙai suna haɗuwa a sama, da zane mai zurfi a jikin ƙasa. Amma ido yakan bi layin har ƙololuwa, wuya ya miƙe, murya ta sauka. Haka dagi yake yi: ido ya kama zaren yana neman bakinsa, ya zagaya ya dawo bai samu ba. Haka aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyanar da alaramma ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu, da zanen ƙwarya da na lalle. Bahaushen da ya tsaya gaban zanen zamani marar siffa ya ce shi bai gane komai ba, ya manta cewa hular da ke kansa irin wannan fasahar ce, kuma bai taɓa neman a fassara masa ita ba kafin ya ce ta yi kyau. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Yanzu an haɗa sawun. Magini ya rage fuska zuwa 'yan siffofi bisa ƙa'idar da ya gada. Wuta ta nemi rami, ya sa shi a tsakiyar ido, inuwa ta zauna a ciki. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda aka halitta da neman fuska, ta kama wannan ta ce ga mai kallona. Zamani da gidan tarihi suka ɗebe sauran bayani, mai kallo ya cike da abin da ke ransa. Shi ya sa mutum uku suke ganin hali uku a kai ɗaya, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Sai dai wannan aiki yana son lokaci. Wani bincike da aka yi a babban gidan zane na Metropolitan da ke Niyok, aka buga a 2001, ya gano matsakaicin tsayuwar baƙo gaban shahararren zane bai kai rabin minti ba. Mai karatu, idan hanya ta kai ka Jos, ka shiga gidan tarihin, ka zaɓi kai ɗaya tak. Ka ba shi minti biyar kafin ka karanta takardar da ke gefensa. Ka dube shi ta gaba, ka koma dama, ka koma hagu, ka rage tsawo ka dubo shi daga ƙasa. Ka je da yara, ka tambaye su abin da suka gani kafin ka faɗa musu naka. Malaman makaranta su ma su riƙa kai ɗalibai, hukuma kuma ta kula da rufin ɗakunan da haskensu da tsaronsu, domin abin da ya tsira shekara dubu biyu a cikin ƙasa bai kamata ya lalace a hannunmu ba.